Makunni Biyu da Tsamiyar Baba

Talata, 2 ga Fabrairu 1954

Wata guda cif da rasuwar Baba. Yau na tafi wurin mai gari kan maganar tsamiyar gonarmu ta bakin tabki, inda Baba ke yanka wa iskokin gidanmu. So nake a sare ta. Ya tambaye ni wasiyya, tunda ni kaɗai ke ɗakin sa'ad da rai ya fita. Na ce Baba ya ce ba a taɓa ta sai da yardar Illo ko tawa. Yayana Illo na Katsina wurin cin rani, ba zai dawo ba sai an yi ruwan shuka. Mai gari ya ce to, ai kai ma ɗa ne.

Ba haka Baba ya faɗa ba. Cewa ya yi sai da yardar Illo da taka. Na rubuta nan don in ga girman kalmar a takarda. Harafi biyu ne kacal.

Juma'a, 5 ga Fabrairu

A bakin masallaci wani ya sake kira na ɗan tsamiya, aka yi dariya. Shekara tara ina salla. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko tuwo ban ci ba.

Lahadi, 14 ga Fabrairu

Zaman banza zai kashe ni. Tun da na faɗo daga turken waya a Maraɗi aka sallame ni, ƙafa ta ƙi, hannu kuwa ƙaiƙayi yake. Na zazzage akwatin aiki: pil biyu, wato batir, ampul, wato ƙwan tocila, guntayen waya, da makunni biyu na bango da na tsinta sa'ad da ake gyaran gidan wani Nasara. Na kafa su kan katako yadda wani ɗan Dahome ya koya mani.

Ɗauri biyu ne. In ka jera makunnan bisa waya guda, wuta sai ta bi ta na farko kafin ta kai na biyu. Ka taɓa na dama, shiru. Na hagu, shiru. Sai an kunna su duka ampul ke kamawa. Ɗan Dahomen nan yakan ce wannan shi ne "da". In kuwa ka ba kowane makunni hanyarshi, duk wanda aka taɓa ya wadatar. Wannan shi ne "ko".

Ina cikin murɗa waya na lura da abin da nake haɗawa. Na ture shi ƙarƙashin gado.

Laraba, 17 ga Fabrairu

Mamman mai gatari ya ce sai ya gama da rijiyar ƙauyen Safo kafin ya sare tsamiyar. Ranar Litinin ta farkon mako na uku na Maris zai zo.

Alhamis, 25 ga Fabrairu

Bakina ne ya ja mani. Na ba Mamman labarin katakon, shi kuma ya baza, yau da hantsi sai ga mutum wajen goma a zaure. Na nuna masu ɗaurin "ko", kowa ya taɓa, wuta ta kama, ana ta mamaki. Na sake ɗauri, na mai da shi na "da". Wani masunci ya yi ta danna makunni guda har yana zufa, ya ce na sa mata magani. Na ce ba magani, ɗan'uwanta take jira. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Rabona da a kalle ni haka tun ina hawa turke.

Da aka watse Gwaggo Inde, ƙanwar Baba, ta ce a kawo mata ta gani. Idonta ya yi rauni, sai da ta kai fuska dab da ampul. Ta sa na maimaita sau uku: babu ko ɗaya, dama kaɗai, hagu kaɗai, duka biyu. Ta fi mazan nan saurin ganewa, wallahi.

Ta ce, wannan mai jiran ɗan'uwa, halin ubanka Abarshi ne. Ko rumbu bai taɓa bari mutum ɗaya ya buɗe ba. Sannan ta ce, Ɗanjuma, shekara sittin na san ubanka, ban taɓa jin ya ce wane ko wane ba. Amma ciwo kan canza harshe.

Ta roƙi in bar mata katakon ta kwana da shi.

Asabar, 27 ga Fabrairu

Tsohuwa ta cinye mani pil. To me ta sani? Ba ta ɗakin sa'ad da Baba ya faɗa.

Alhamis, 4 ga Maris

Illo ba zai yarda ba, na sani sarai. Shi ya riƙe wa Baba akuya a yankan bara, ni ina tsaye nesa kamar baƙo. Baba ma ya san ba zai yarda ba. Kuma ya san ni ba zan taɓa yarda a ci gaba da yanka ba. Ya ɗaure mu a waya guda ya tafi abinshi. Haushinshi nake ji, kuma ina kewarshi har ƙirjina na ciwo.

Litinin, 15 ga Maris

Mamman ya zo da sassafe da gatari a kafaɗa. Na ce mashi ƙafata ta tashi, ba zan iya raka shi gona ba, ya bari tukuna. Ƙafar ta ɗan tashi, ba ƙarya ba ce duka.

Mai jakin da ke zuwa Katsina zai wuce jibi. Na rubuta wa Illo takarda, gaisuwa ce kawai da labarin gero. A ƙasa na ƙara layi ɗaya, maganar Baba yadda ta fito daga bakinshi, da abin da na faɗa wa mai gari. Illo bai iya karatu ba, sai ya kai wani ya karanta mashi a gaban mutane. Na yi tunanin in yage gindin takardar. Na riga na liƙe ta.