Na Sace wa Mijina Iskar Taya, Sai Ya Ci Kofi

Zuwa ga Yaya Maxine,

Don girman Allah ki agaza mini kafin Alhamis, don in Alhamis ta wuce shawararki ta zama ihu bayan hari. Shekara da shekaru ina karanta filin nan naki na jarida ina yi wa mutane dariya, yau ga ni a layi.

Ni da mijina Merle manoma ne, masara da waken soya, amma ciwon da muka kamu da shi tare shi ne tseren mota. Shekara ashirin da shida ke nan, duk Asabar da yamma daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba, muna filin tseren nan na turɓaya da ke bayan gari. Shi ke tuƙi, ni ke ƙarƙashin mota. Injin nan ni na haɗa shi da hannuna, kuma in ya yi tari daga can kwanar ƙarshe na san abin da ke damunsa. Farcena ya manta da fari, har ranar bikin 'yarmu sai da aka nemo mini safar hannu saboda hotuna.

To, a filinmu akwai al'ada. Ranar da za a rufe kakar tsere, bayan direbobi sun gama nasu, sai a ba kanikawa motocin su yi zagaye goma. Babu maki, babu kofi, tuta ce kawai da ihun jama'a, direbobi kuma su hau katanga suna tauna farce suna kallon yadda ake cin mutuncin motocinsu. Ban taɓa shiga ba, kuma bakina ne ya ja mini. Shekarar farko da aka miƙo mini hular kwano, tsoro ya kama ni, sai na rufe shi da wasa. Na ce a gaban kowa, “Duk wanda ya san abin da ke riƙe da motar nan ba zai yarda ya shige ta ba.” Aka fashe da dariya. Maganar ta bi gari, wani ma ya buga ta a riga. Tun daga nan duk shekara Merle sai ya ɗaga hular ya ce, “Tsohuwa, bana fa?” ni kuma in maimaita maganar nan, a sake dariya, ya ara wa wani motar. 

Gaskiyar magana, Yaya Maxine, ina son in tuƙa motar nan kamar in mutu. Wani lokaci in na gama aiki a gareji nakan shiga in zauna, in riƙe sitiyari, in yi ƙarar inji da bakina, mace mai jikoki uku. Kuma dokar filin ta ce wanda ya cika sittin bai taɓa tsere ba, ba za a bari ya fara ba. A Fabrairu zan cika sittin. Bana ce ko babu, kuma na riga na yi wa kaina alkawari cewa bana in ya ɗaga hular nan zan fizge ta.

Sai ga Lavonne, mai filin, ta tara mu a watan Agusta ta ce masara ta nuna da wuri, benci ya fara zama fayau, saboda haka idan aka san zakara kafin lokaci za ta ba masu motoci dama su jefa ƙuri'a ko a rufe kakar tsere nan take. In aka rufe haka, babu zagayen kanikawa bana. Merle ne kan gaba a maki, Arlo Vondra na biye da shi, kuma Merle bai taɓa cin kofin nan ba, sau huɗu yana zuwa na biyu. Na zauna na yi lissafi: in ya riga Arlo tsallake layin ƙarshe a Asabar ɗin da ta wuce, magana ta ƙare, saura Asabar uku. In kuwa Arlo ya riga shi, sai an kai ranar ƙarshe, kuma duk da haka Merle ne zai ci. Ban yi niyyar hana shi kofi ba, Allah shi ne shaidata. Jinkiri kawai na so.

Ga abin da na aikata, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Da aka kira motoci, na durƙusa wajen tayar baya ta dama kamar mai duba wani abu, na sace mata iska awo uku. Ba abin da zai kifar da mota ba ne, na san aikina. A filinmu Lavonne kan sa tanka ta jiƙa ƙasa sharkaf, kuma a kan taɓo irin wannan taya mai laushi sai ta sa mota ta yi taurin kai a kwana, ta ƙi juyawa. Na ce zai zo na huɗu ko na biyar, ya yi 'yan zage-zagensa, in ba shi burodi da soyayyen nama, shi ke nan.

Ashe tankar ruwan ta mutu tun la'asar, ni ina can ƙarƙashin mota ban sani ba. Fili ya bushe ƙayau, ya yi santsi, motocin mutane sai wutsil-wutsil suke a kwana. Tamu kuwa, da tayarta mai laushi, ta kama ƙasa ta ƙi saki. Tirƙashi! Yaya Maxine, ban taɓa ganin Merle ya yi gudu irin na ranar ba. Ya bar Arlo da rabin zagaye. Ina tsaye a kan katanga ina ihu “Rage! Rage!” mutane na bubbuga mini kafaɗa suna cewa dubi yadda take tsoron kada ya ji ciwo.

Da aka ba shi abin magana, tsohon nan ya yi hawaye. Ya ce, “Ni ban yi komai ba, sitiyari kawai na riƙe. Ku tambayi matata, ita ta duba sama ta duba ƙasa ta san abin da ba wanda ya sani.” Arlo ma ya zo ya cire hula ya ce, “Ke dai mayya ce, gaya mini awo nawa kika sa, ko a kabarina ne in huta.” Na ce sirrin gida ne. Kofin yana kan teburin cin abinci yanzu, Merle ya hana a ɗauke, kullum ta gefensa nake leƙo fuskar mijina.

Ranar Alhamis za a yi ƙuri'ar, mota ɗaya hannu ɗaya, kuma direba ke ɗaga hannun. Na ƙirga a ɓoye, an yi kunnen doki, hannun Merle ne zai raba gardama. Shi kuwa ya riga ya gama magana: “Biki ya tashi, me makaɗi ke jira?” Ya ce bayansa na ciwo, masara ba ta jiran kowa, kuma wauta ce mutum ya je ya ragargaza mota a tseren da ba ya ƙara komai. Har cewa ya yi, “Ke ma kya huta, tsohuwa, ki ga kalar farcenki kafin Kirsimeti.” Don ni yake yi wai! Arlo na can yana kumfar baki cewa shi da mutum biyu suna kokawar matsayi na biyu, kuma akwai waɗanda ba su taɓa cin ko tsere ɗaya ba bana, su ma ai mutane ne. A raina ina bayan Arlo, a fili ina gyaɗa wa Merle kai.

To ki faɗa mini. In an san zakara, daidai ne a tashi? In na ce masa ina son tuƙi, zai tambaye ni dalilin shirun shekara ashirin da shida. In na faɗi maganar taya, na zubar masa da ranar da ta fi kowace daɗi a rayuwarsa. In na yi shiru kuma, in cika sittin ina ƙarar inji da baki a gareji.

Taki cikin damuwa,
Mai Baƙin Farce


Mai Baƙin Farce,

Bari in fara da faɗa, don kin ci a yi miki. Ba a taɓa tayar mutum a ɓoye a tura shi cikin motoci ashirin, ko awo uku ne ko rabin awo. Kin ce kin san aikinki, na yarda, amma ke da bakinki kin ce ba ki san tanka ta mutu ba. Ranar nan abin da ba ki sani ba ya zo da alheri, ki gode wa Allah, kada ki ƙara. Faɗa ya ƙare.

Game da tambayarki, ni ban san gaban inji da bayansa ba, amma na san mutane. Mijinki yana da gaskiya rabi. Ciwon baya ba ƙarya ba ne, masara in ta nuna ba ta san wani kofi ba, kuma mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana bin abu ɗaya, in ya kama shi yana da hakkin ya zauna ya numfasa. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar cewa tunda nasa ya ƙare, na kowa ya ƙare. Mutum ɗaya ke cin kofi, amma ba don mutum ɗaya ake buɗe ƙofa duk Asabar ba. Akwai Arlo da na biyunsa, akwai wanda burinsa kawai ya gama tsere ɗaya da ƙofofinsa huɗu, akwai kuma wata mata da ba ta buɗe baki ba. Ba zai yiwu Merle ya yi la'akari da abin da aka ɓoye masa ba. Shekara ashirin da shida yana miƙo miki hula kina mayar masa da wasa, to laifin wa?

Yanzu ga abin yi. Ki faɗa masa duka biyun, ki fara da tayar. Ki zaɓi rana tsaka, bayan ya ƙoshi, babu kowa a wurin. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Amma kada ki yarda cewa kin ɓata masa nasara: Asabar goma sha bakwai ya yi yana tara makin nan, kuma ba ke kika riƙe sitiyari a kan santsin ba. Sannan ki faɗi dalili, ba wasa, ba dariya, kalma biyar: ina son in tuƙa motar.

Sai ku je taron Alhamis da shawara ta uku. Kada a rufe yau, kada kuma a yi Asabar uku. A bar biyu ga girbi, a dawo ta ƙarshe a yi guda mai kyau, masu neman na biyu su raba rigimarsu, kanikawa su yi zagayensu goma. Ina jin Lavonne za ta fi son benci cike sau ɗaya da benci fayau sau uku. Kuma ki lura da abin da haushi ya rufe miki ido a kai: da maki na nan a buɗe har ranar ƙarshe, da Merle ya gurji motar nan a tserensa, ki karɓi ragowa ko ki karɓi tarkace. Yanzu ba abin da yake nema da ita. Yana iya zama a kan katanga ya hutar da bayansa, mota ta zo hannunki lafiya lau. Kafin nan, gonar da kuka fara girbewa ta isa filin koyo, ya zauna a kan bayan akori-kura ya yi ta yi miki ihu, ya rama.

Abu ɗaya kuma. Jaridar nan tana fita Laraba da safe, shi ya sa na aiko miki da amsar nan tun kafin a buga ta. Na ga kin ɓoye sunanki, sannu da ƙoƙari, amma a gundumar da ke da filin tsere ɗaya, da Merle ɗaya, da mace ɗaya mai haɗa inji, ɓuyan naki bai kai ko'ina ba. Ko mijinki ba ya karatu, Arlo yana yi. Saboda haka ba Alhamis ce wa'adinki ba, Talata ce. Ki riga jarida.

Allah ya sanyaya zuciyar tsohon, ya ba ku girbi mai albarka. Ranar kuma, in an kaɗa tuta, kada ki tsaya sauraren lafiyar inji, wannan aikin wani ne a ranar. Ki taka mai. Ko ta ƙarshe kika zo, ki fito da laka a fuska.

Taku,
Maxine