Ɗana bai tuna abin da ya gaya wa baƙon ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure, Allah ya sa kuna lafiya. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon bayanina.

Ni manomi ne, ina ɗan taɓa sayar da wake da malanta, asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Kurfi. Da rashin tsaro ya matsa mana sai na kwaso iyali muka dawo Dutsin-Ma, gonar dai tana can ina leƙawa. Ina da yaro ɗan shekara goma, muna ce masa Abba saboda sunan mahaifina gare shi. A ƙauye yakan zauna ya rubuta allonsa tun daga sama har ƙasa bai ɗaga kai ba. Da muka zo gari tsoro ya sa na hana shi fita in ba makaranta ba, kuma ni da hannuna na ba shi tsohuwar wayata don ya zauna gida. Wani mai cajin waya ya zuba masa gem, wato wasannin waya, na tseren mota da na harbe-harbe, wallahi a lokacin har godiya na yi masa.

Abin a hankali ya shigo. Ka aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana. Ya fara rubuta aya, kafin ya kai rabi ya bar alƙalami cikin tawada yana kallon bango. Malaminsa na boko ya ce jikinsa ne kawai a aji, in kai shi likita ya duba. Hajiya mahaifiyata kuwa ta ce ba maganar likita ba ce, tunda ina yi wa 'ya'yan mutane rubutun buɗe ƙwaƙwalwa, in yi wa nawa. Na yi masa na kwana bakwai. Ashe ba ya yarda ya sha sai uwarsa ta miƙa masa wayar a ɓoye, ita a ganinta maganin take taimakawa. Mun sami saɓani sosai, ta ce ai ni na fara kawo abin gidan, kuma gaskiyarta.

Wata Juma'a muna zaman tahiya na ga manyan yatsunsa suna motsi bisa gwiwarsa kamar yana danna wani abu. Liman ya yi sallama bai ji ba, sai da na taɓa shi. Ranar na kulle wayar a akwati.

Ya yi kwana uku yana kuka da jifa da kwano, daga nan ya yi shiru, na ce alhamdulillahi. Shekaranjiya maƙwabcina ɗan acaɓa ya tare ni yana dariya, ya ce, "Malam, Abbanka ya yi babban aboki fa. Kullum lokacin Islamiyya yana shagon gem na bayan tasha, wani baƙo ke biya masa."

Na zaunar da yaron cikin lallashi. Ya ce, "Baba, ai mutumin kirki ne, Kawu muke ce masa." Na ce me kuke hira? Ya ce yakan tambaye shi ko na sayar da wake, da ranar da nake zuwa gona, da hanyar da nake bi. Na ce to me ka faɗa masa? Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wallahi Baba ban tuna ba, ina cikin gem."

Na san fuskar ɗana in yana ƙarya. Ba ƙarya yake ba, bai tuna ba ɗin.

Na je shagon, mai shagon ya ce shi ma bai san sunan mutumin ba, kuma tun shekaranjiyar baƙon bai sake zuwa ba.

'Yan'uwa, in mayar masa da wayar ya zauna gida ina kallo tana cin hankalinsa? In na hana shi, ba zan iya tsaron ƙofa wuni guda ba. Wanda ya taɓa kai ɗansa likita kan irin wannan ya gaya mini ko ana dacewa. Sannan wakena ya isa roro, jibi ya kamata in shiga gona, ban san abin da mutumin nan ya sani ba. In tafi ko in bar shi ya zube? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.