Waɗanda Suka Juyo Suka Tarbe Ka

Malumfashi,
28 ga Maris, 1965.

Zuwa ga ƙanena Mudi,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da begen ganinka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sanyin Kanada da kake ta ba mu labari, Ya buɗe maka kai a karatun likitan dabbobin da ya kai ka, amin. Mu nan kowa lafiya lau. An gama kai auduga kasuwa, zafi kuma ya kankama har Tsohuwa ta mai da gindin mangwaro ɗakinta. Ƙanwarka Sakinatu ta sauka, an samu namiji, an sa masa Abdussamad. Hancinka ya ɗauko sak, Allah Ya ba shi haƙuri.

Takardarka ta iso tare da hoton. Tsohuwa ta karɓe shi ta kai kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni wane mai arziki ne ya noma auduga har ta rufe duwatsu, kuma me ya sa aka bar ku kuna tattaka ta. Na ce mata dusar ƙanƙara ce, ruwa ne ya daskare ya zubo daga sama. Sai ta riƙe baki tana salati. Na yi mata dariya, amma ni ma da na keɓe sai da na ƙura wa hoton ido. Ƙasa fara fat har iya ganin mutum, ga ka a tsakiya ɗan mitsitsi, katako biyu a ɗaure a ƙafa, sanda biyu a hannu, ga tutar Nijeriya da na ɗinka maka da hannuna a liƙe a ƙirjinka. Hoton ya zaga unguwa kwana uku kafin ya dawo, duk gefensa ya sha man hannu.

To, yanzu ga laifina. Ka ce in karanta wa Baba gaisuwa kawai, in ɓoye masa zancen tseren. Wallahi na yi niyya. Bayan la'asar na zauna gabansa a zaure na karanta gaisuwa da labarin makaranta, na ninke takarda. Ka san Baba bai san boko ba, amma ya san ƙirga. Ya ce ya ga falle uku, ya kuwa ji na juya ɗaya kaɗai, saura biyun na wa ne? Kai ma da kake da ilimin Turawa, da me za ka amsa masa? Na buɗe na karanta duka.

Na karanta masa yadda ɗaliban ƙasashe goma sha huɗu suka taru tseren zamiya a kan ƙanƙara na mil goma, kai kaɗai ne ɗan Nijeriya, kuma wata uku ke nan da ka fara ɗaura katakon. Na karanta faɗuwarka sau goma sha ɗaya, ban rage ko ɗaya ba tunda kai ma ba ka rage ba, da yadda kowa ya wuce ya bar ka kai kaɗai cikin daji. Na karanta yadda na ɗaya da na biyu, ɗan Norwe da ɗan Finlan, suka ƙi tsayawa karɓar kyauta, suka koma baya har mil biyu suka same ka, suka sa ka a tsakiya ba tare da sun taɓa ka ba, suna tafiya da tafiyarka har ka shigo da ƙafarka, jama'a kuwa na tsaye cikin sanyi suna tafi suna kiran sunan ƙasarmu. Sannan na zo inda ka ce ka zubar da girman tuta a idon duniya, ka shige ɗaki ko kallonsu ba ka yi ba, ka cusa tutar ƙasan akwati, har yau in ka hango su sai ka sake hanya. Ni dai na san tsoronka. Duk mun tashi muna jin cewa a gayyar noma daga nan har Dandume ba a taɓa wuce Baba ba, ɗansa kuma ga shi na ƙarshe.

Da na gama, na fara neman hanyar fita. Sai Baba ya ce in maimaita wurin da suka koma. Na maimaita. Ya ce, "Sun gama nasu, sannan suka juyo?" Na ce haka ka rubuta. Ya sa na sake karantawa, karo na uku ke nan. Ya ce ashe har a ƙasar da sama ke zubar da auduga an san tarbe. Ka tuna yadda ake yi a gayya, wanda ya fitar da kunyar nomansa ya juyo ta ɗaya bakin ya tarbi wanda aka bari a baya. Ya ce ba ya mamakin ƙanƙarar kamar yadda yake mamakin wanda ya koya wa yaran nan wannan, alhali ba su taɓa riƙe garma ba.

Daga nan ya faɗa mini abin da ko Tsohuwa ba ta sani ba. Yana saurayi ya je gayya Gozaki da zazzaɓi a jikinsa, don kada a ce ya ji tsoro. Makaɗa na kiɗa, 'yan mata na kallo, kowa ya fita aka bar shi tsakiyar gona yana ganin jiri. Wanda ya fita na farko, wani Bamaguje mai suna Labo, babban abokin gasarsa, ya ƙi zuwa gaban makaɗa, ya juyo ya tarbe shi. Da garmarsu ta haɗu, Baba ya saɓa tasa ya kama hanyar gida, ko sannu bai ce masa ba. Shekara arba'in yana haɗuwa da Labo a kasuwar Funtuwa yana kau da kai. Bara Labo ya mutu, Baba ya ji, bai je ba. Mudi, ban taɓa ganin idon Baba ya yi ja irin na ranar ba, ni kuwa kuka na yi sosai.

Washegari ya ɗauki keke da ƙwaryar goro ya tafi Gozaki ya gai da 'ya'yan Labo. Babban cikinsu ya ce ubansu yakan ba su labarin wani saurayin Malumfashi da ya yi noma da zazzaɓi bai ajiye garma ba, yakan ce bai taɓa ganin namiji irinsa ba. Baba ya dawo ko tuwo bai iya ci ba.

Ga saƙonsa, ya ce in rubuta yadda ya faɗa: "Faɗuwa goma sha ɗaya, tashi ma goma sha ɗaya ne, ban ga inda tuta ta zube ba. Inda za ta zube shi ne in ya bar mutanen nan ba godiya. Ya je yau, kada ya yi irin tawa." Ya kuma ce ka aiko da sunayensu, in koya masa yadda ake faɗarsu, yana so ya riƙa sa musu albarka da suna. Tsohuwa ta ba masaƙi zaren audugar gonarmu, za a saƙo gwado biyu ka kai musu, ta ce mutanen da ke kwana cikin wannan sanyi sun fi mu bukata.

Tsohuwa na gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe kunne. Sakinatu da mijinta Malam Shitu, da Gwaggo Marka, da Kawu Ɗanasabe duk suna gaisuwa. Ka ciro tutar nan daga akwati ka goge ta, na sha wuyar ɗinkinta. Kuma kada ka ba ni amsa sai ka je ka dawo, don Baba ya ce abin da zai fara tambaya ke nan, kuma zai ƙirga fallayen.

Ni ce yayarka,
Hansai.