Na sha nononsu bayan na sayar da karansu

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin, don Allah a ɓoye sunana, sunayen da za ku ji ma duk na canza su. Shawara nake nema, kuma ku faɗa mani gaskiya ko da zafi, na wuce shekarun da zagi zai hana ni cin tuwo.

Ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ko in ce na taɓa zama, don yanzu baya ya ƙi, sai 'yar tsohuwar mota nake ja tsakanin kasuwanni. Na kwana Agadas, na kwana Arlit, na ci tuwon Kwatano da na Lome, ba inda ban kai bakina ba. Ƙauyenmu yana arewa da Tasawa, kan hanyar Mayahi, kuma ni ne babba a gidanmu tun da baba ya rasu.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Kakan babana, Nomau, ya yi zamani kafin zuwan Nasara, lokacin da ake ta hare-hare, yau a kwashe wannan gari gobe wancan. Mahara suka faɗa wa garinsu, ya tsira shi kaɗai, ya yi arewa da ƙafa har ƙishirwa ta kada shi. Wani ayarin Buzaye masu gishiri suka tsince shi, suka ba shi nonon raƙumi, suka ɗora shi bisa kaya. Da ya ce nan zai zauna ya sari daji, mutum guda cikinsu ya tsaya da raƙuminshi, shi ya riƙa jan igiya ana fidda ƙasa har rijiya ta kai ruwa, kuma kun san zurfin rijiyoyin wajenmu. A bakin rijiyar suka yi alkawari, ba takarda ba malami. Hatsin gona na Nomau ne da zuriyarshi, abin da ya saura bayan girbi, kara da ganye, na Buzun ne da zuriyarshi. Su sauka da bisashensu su ci, su bar mana taki. Ranar da suka iso matar gidansu ta kawo ƙwaryar nono, babban gidanmu ya sha a tsaye cikin gona, shi ne alamar alkawari na nan.

Haka na tashi na gani. Na ga kakana ya sha, na ga babana ya sha. Wanda ke riƙe da gidansu yanzu Gumar ne, tsarana, tare muka yi kiwon awaki kowace kaka. Ina ce mashi Buzu mai tsoron ruwan wanka, yana ce mani Bahaushe bawan dawo, haka muke har furfura.

To, bakina ne ya jawo. Ƙanena Rabe shi ke noma gandun tun ina yawon duniya. Wata rana muna zaune ina ba su labarin Arlit, na ce can kara da harawa kaya ne na sayarwa, a mota ake kai su, ku kuwa kun bar raƙuman Gumar suna taune maku arziki kuna yi masu sannu. Wallahi wasa nake, dariya nake nema, kuma an yi. Rabe ne kaɗai bai yi ba.

Kada ku ɗauka Rabe mugu ne. Yana da iyali da yawa, gonar da ta ci da gida guda zamanin Nomau yau gida nawa ke kallonta, damina kuma kun ga yadda ta koma. Kowa a ƙauyen ya daina barin kara, tun ana yanka gero ake ɗaure shi a ɗora bisa itace. Ya ce mani taki yanzu a buhu ake saye, ya ce raƙumin da ya ja igiya ya mutu tun kafin a haifi babanmu, har yaushe za a yi ta biyan shi. 'Ya'yanshi 'yan lakwal, masu karatun boko, suka ce ai ba a rubuce yake ba.

Bara ya share gonar tas. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, motata ce ta kwashi karan zuwa kasuwar Mayahi, ni na tuƙa, sahu biyu. Na ce wa kaina haya ce kawai, in ban ɗauka ba wani zai ɗauka.

Bayan sati guda su Gumar suka iso. Na tarar da su bakin rijiya, bisashe na ta shinshinar yashi, ba ko sanda guda. Na yi zaton za su juya. Sai ga matarshi Tekna ta taho da ƙwarya kamar kullum, ta durƙusa ta miƙo mani. Jama'a, na karɓa, na sha. Na tsaya cikin gonar da na kwashe da hannuna na shanye nonon mutane, na goge baki, na ce wa Gumar ina kan hanya aka yi wannan aiki, ban sani ba.

Suka kwana biyu suka wuce kudu. Ranar kasuwa muka gamu a Mayahi yana ɗaure dami bisa raƙumi, ya gaishe ni da dariya, ya tambayi gida, sannan ya ce, "Bawan dawo, yau na sayi kara. Amalen raƙumin nan nawa ya shinshina ya ce wannan na gidan Nomau ne. Na ce mashi ya rufe baki ya ci, tsufa ne ke damun shi."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Daga baya na ji a wancan rani ya rasa tumaki, ya sayar da raƙumi guda don ya ci da sauran, ɗanshi babba kuma ya bar kiwo ya koma kabu-kabu a Tasawa. Ban ce duk ni na jawo ba, rani ya yi wa kowa tsanani. Amma wata guda na kara a gonarmu da ya rage wani abu.

Yanzu gero ya nuna. Na kira Rabe na ce bana a bar kara, ni ne babba. Ya ce to, amma in haka ne a raba gandu, kowa ya riƙe nashi, ni in bar wa Buzaye kasona su ci har ƙasar. Bai ɗaga murya ba, ya ce shi ya yi zufa a gonar ina can ina cin kifi bakin teku, kuma gaskiya ya faɗa. Gandun nan ba a taɓa ja mashi iyaka a tsaka ba, tsohuwarmu tana da rai, ta ce ranar da aka raba shi a fara haƙa mata kabari. Kason da zai zo mani kuma ko awakin Gumar ba zai riƙe kwana goma ba.

Kwana shida da suka wuce Gumar ya aiko mani saƙon murya daga arewa. Ba wasa a ciki, ko bawan dawo bai ce ba, da sunana ya kira ni. Ya ce sun kusa tasowa, hanya biyu ce, in sun biyo ta wajenmu ba wata rijiya da za su sauka kusa sai tamu, in sun bi ta gabas kuma ba su sake biyowa. "Kai ne babba yanzu. In zo, ko in wuce? Abin da ka ce ba zan riƙe ka da shi ba."

Ya ga na saurara, har yau ban amsa ba. In na ce ya zo, gida ya tsage a gaban uwata. In na ce ya wuce, abin da aka riƙe tun Nomau a hannuna ya mutu. Don Allah ku ba ni shawara, me zan ce mashi? Kuma ko wanne na zaɓa, in faɗa mashi ni na tuƙa motar, ko in bar shi ya ci gaba da yi mani kara kamar bai sani ba?