Ajiyar da Ka Bari a Barikin Katsina

Da sunan Allah nake farawa. Daga Jibiya, ranar Laraba, tsakiyar watan Zulƙida, shekara ta biyu da tashin yaƙin Jamus.

Zuwa ga ruwan farko na daminata, gawon da ke yi mini inuwa lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ganye, zumar da ta zo mini haɗe da harbinta, mai jar dara, mai takun da ke sa ƙirjina lugude babu turmi babu taɓarya. Gaisuwa da so da bege, yawan yashin gulbinmu, har da ƙari.

Shekara biyar ina gidanka bakina bai taɓa kama sunanka ba. Maigida nake cewa, ko in ce shi, ko in yi gyaran murya ka waiwayo. To yau na gano alƙalami ba shi da kunya. Kalilu. Kalilu! Ka ga na rubuta har sau biyu, rufin ɗaki bai faɗo ba. Na san ka gudu ka bar allo tun kana ƙarami, don haka limamin rundunarku ne zai karanta maka wannan takarda. Allah ya gafarta Malam, a ja shi gefe, a sassauta murya, abin da aka ji kuma a bar shi a gindin itacen da aka ji shi.

Kofur Arzika, abokinka da aka aiko Katsina rakiyar masu ɗaukar kaya, ya biyo ta nan ya gaida mahaifiyarka Inna. Ya ce kana lafiya a cikin duwatsun da ke bayan Garwa, ka rame, gemunka ya yi tsawo, kuma kana tambaya ko Luba na nan da tsiwarta. Tana nan, ta ma ƙaru. Na sa shi ya rantse ba zai gaya maka abin da ya tarar ba sai an gama karanta maka wannan. In ka ga yana ta murmushi tun da ya iso, ba ciwon baki ba ne.

Ka tuna ranar da aka busa begila a barikin Katsina, aka ce ku yi shiri, mu matan soja kuma kowacce ta koma wurin dangi? A gabana ka baje kayanka kana dubawa: bargo, gora, wuƙa, layar da Inna ta ɗinka maka. Ka ɗaure, ka buga ƙirji, ka ce ba ka manta komai ba. Ka manta, angona. Ka bar ajiya, ajiyar kuma ba ta zauna yadda ka bar ta ba. Wata bakwai ke nan tana girma, ta tura zanena gaba, ta hana ni ganin yatsun ƙafata, yanzu ma da nake rubutu tana shurin allon da na ɗora takarda a kai. In ka ga baƙaƙen sun karkace, ka san wanda za ka tuhuma. Taku ne irin naku na fareti, hagu da dama, ba hutu, ba a jiran umarni.

Na san abin da za ka fara tambaya, ko na sani tun kana nan. Na sani. Wata ya zagayo ban yi fashin salla ba, ƙamshin daddawa ya fara tayar mini da zuciya, ina kallonka kana ɗaure bargo maganar na nan a kan harshena, na haɗiye ta. Kada ka yi fushi, hasken idona, tsaya ka ji dalili. Cikina na fari ya zube yana wata huɗu. Na biyu ya kai wata shida, kai ka ɗauke shi da hannunka cikin farin ƙyalle ka kai shi bayan bariki, ka dawo ka zauna a bakin gadona kana kuka irin wanda ban taɓa jin soja ya yi ba. A ranar ka ce mini: “In Allah ya sake ba ki, sai in jefa bindigar nan a gulbi, in ɗauke ki mu tsallaka Maraɗi, in zauna in tsare ki da kaina.” Na san ba ka magana biyu. Da na buɗe baki ran nan, da ba ka bi sahu ba.

Ai tun ranar farko na san irin taurin kanka. Ka tuna kasuwar Jibiya, lokacin da ka zo ganin gida da jar dararka da ɗamararka? 'Yan matan da ke tallar fura duk suka kwashi ƙorensu suka watse, wai ga sojan Nasara. Ni kaɗai na tsaya, ba don jarunta ba, don ƙwaryata ta fi ƙarfin gudu. Ka ce a dama maka. Na dama, na juya baya na zuba maka barkonon da zai ishi gida guda, don ka tafi kada ka dawo. Ka ɗaga ludayi, idanunka suka kawo ruwa, gumi ya keto daga ƙarƙashin dara, ka shanye tas, ka miƙo ƙwarya ka ce a ƙara, irin wannan ɗin dai. Wane irin mutum ne wannan? Kasuwa bakwai kana zuwa kana shan wuta. Babana, da ya rantse 'yarsa mai karatu ba za ta auri mai yi wa Nasara aiki ba, sai da ka zauna a zaurensa na Mazanya har ya gaji da ganinka ya ba ka. Mutumin da ya yi wannan saboda fura, me zai yi saboda ɗa?

Yanzu ga laifina na biyu, gara ka ji daga gare ni kafin Inna ta ƙara masa gishiri. Ina wata biyar, damina ta yi tsaka, sai na ji mata na cewa ta kan katanga an ga soja a bakin gulbi. Bayan azahar ne, Inna ta kishingiɗa. Ban tsaya tambayar wane soja ba. Na ja mayafi, na bi ta bayan rumbu, na kama hanya ina sauri kamar wadda aka biyo, zuciyata na cewa wataƙila kai ne, wataƙila an sallame ku, wataƙila in na leƙa zan ga wannan wuyan naka da ya fi na kowa tsawo. Da na isa, sojan Faransi ne su shida daga wancan gefen iyaka, suna shayar da raƙuma, ko ɗaya bai kai kafaɗarka ba. Haushi ya sa na juya da ƙarfi, gaɓar gulbi kuwa ta jiƙe, santsi ya kwashe ni. Kafin in tashi na ga jini.

Ba zan yi maka wasa da wannan wurin ba. Mata masu wanki ne suka ɗauko ni a kan asabari. Kwana uku jini na zuwa yana tsayawa, cikin ya yi shiru, ko motsi babu. Inna kuwa ba faɗa ba zagi, ta dai zauna riƙe da ƙafata tana jan carbi. Babana ya aiko da rubutu daga Mazanya. Goggo Hajo ungozoma, wadda ta yanke maka cibi, ta tare a ɗakin da jiƙe-jiƙenta masu ɗaci. A rana ta huɗu da hantsi, tana shafa mini man shanu, sai aka shuri tafin hannunta daga ciki. Ta ɗago ta dube ni, ta ce: “Ɗan soja ne, ya ƙi barin wurin gadi.” Nan Inna ta fashe da kuka, sannan fa ta fara faɗan da ta ajiye mini, har yau ba ta gama ba.

Tun daga ranar ni ma na shiga soja, Goggo Hajo ce samanja. Ba daka, ba niƙa, ba rijiya, ba tsugunno gaban murhu. An sa duwatsu an ɗaga ƙafafun gado ta wajen sawu, ina kwance kaina a gangare kamar tulun da aka kifa. Ƙafafuna sun kumbura, munduwar da ka sayo mini a Kano ta ƙi fita ta ƙi juyawa. An hana ni gishiri, an hana ni kanwa, an hana ni yaji, ni da ka sani! Takalmana kuwa Goggo ta rataye su can a tsakar rufi inda hannuna ba ya kaiwa, wai ƙafar da ba ta da takalmi ba ta jin labarin soja. In na yi atishawa sai mutum biyu sun leƙo. In na yi shiru sai uku.

Amma fursuna ma yana da dabara. Ɗan nan naka ba ya son tuwo, ba ya son nama, ƙasa yake so. To bangon ɗakinka na wajen gado jar ƙasa ce mai daɗi, in an yayyafa mata ruwa ƙamshinta kamar ranar da aka fara ruwan shuka. Da ɗan cokalin ƙarfen da ka bari nake ƙwaƙula kaɗan-kaɗan. Inna ta ga ramin ta ce gara ce ta shigo, ta sa aka kawo toka aka barbaɗa, tana ta tsine wa gara, ni kuwa ina kwance ina cewa amin. Jiya Goggo Hajo ta duba ramin, ta duba bakina, ta ce wannan garar tana da haƙora talatin da biyu. Ta ƙwace cokalin. In ka dawo ka tarar da taga inda ba ka bar taga ba, kada ka nemi magini da faɗa.

Kai kuwa, ina kake lokacin da ake yi mini wannan mulki? Wa ya ba ka izinin zama a cikin idona in na rufe shi? Gero ya nuna, ana yanka a gonakin Riko, iska na kawo mini ƙamshin tumu ta ƙofa, sai in tuna yadda kake gasa shi ka murje a tafinka ka hure, ka ba ni a baki kana cewa hannuna ba na wahala ba ne. Shamuwa sun fara haramar tafiya, ina jin su a kan tsamiyar gidan liman, ina roƙonsu in ta wajenku za su bi su duba mini ko kana cin abinci. Bege ya yi mini yawa, ruwan sanyina. Ya cika ɗakin, ya hau gadon, ya kwanta a wurinka, ga shi ba ya ɗumi, ba ya minshari, ba ya jan bargo. Minsharin nan da na sha yi maka gori a kansa, yau da za a sayar mini da shi a kasuwa da na aika an auno.

To ga roƙona, kuma shi ne dalilin wannan takarda duka. Kada ka zo. Na san ana gama karanta maka za ka fara duban hanya, kana lissafin kwana nawa ne zuwa Jibiya, kana tuna cewa daga ƙofar gidanmu zuwa turken iyaka ba nisa. Kada ka yi. Da idona na ga wanda ya gudu aka kamo shi a bariki, na ga bayansa bayan an kwance shi, wannan kuwa lokacin zaman lafiya ne. Yanzu an ce abin ya wuce bulala. Ko ka tsira ka tsallaka, sai ka zama mai laɓe-laɓe a ƙasar wasu, ɗanka ya tashi ba ya iya faɗin sunan ubansa a kasuwar garinsu. Ban kwanta wata biyu kaina a gangare ina shan ɗaci don in haifi ɗan mai gudu ba. Ni na tsare wurin gadina, kai ma ka tsare naka. Ka sunkuyar da wannan dogon wuyan in ana harbi, ka bar wa wasu jarunta, ka jira a sallame ka, ka shigo garin nan da rana tsaka ta babbar hanya kowa na gani.

Goggo Hajo ta ce in Allah ya kai mu, haihuwa sai cikin watan Cika-ciki, bayan babbar salla. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce mai irin jinin da na zubar, ranar tana iya zuwa da sauƙi, tana iya zuwa da wuya. Na ji, na kuma shirya. In na tashi, za ka same ni a ƙofar ɗaki da goyo, da faɗan wata da watanni da na tara maka. In kuwa Allah ya yi nasa ikon, na yafe maka komai, har da wanda ba ka yi ba, kai ma ka yafe mini ɓoyon da na yi da gudun da na yi zuwa gulbi. Abin da aka samu a bar shi hannun Inna. In mace ce a kai ta wurin babana ta yi karatu, don wata rana ita ma ta iya rubuta abin da bakinta ke jin nauyi.

Arzika na zaure yana ta gyaran murya, wai rana na yi, tawada kuma ta kusa ƙarewa. Na sa hannuna a kan cikin nan na yi maka alkawari, shi ne shaida: ko yaƙin nan zai kai shekara goma, ko za ka dawo da furfura da sanda, ba wanda zai ji sunansa a alƙalamina bayan kai. Ina nan inda ka san ni, a kwance, ba takalmi, ba inda za ni.

Taka tun daga farko har ranar da za a tashe mu,
Luba 'yar Malam Lawal na Mazanya.