Taken Haruna a Motar Bunguɗu

Tsafe, 9 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga ɗana Bashiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da mutanen shagonku na kaset a tashar Gusau.

Bashiru, tun da ka tafi raina bai kwanta ba. Wannan kaset na makaɗan Ingila da ka zo da shi da Sallah, ganga a hankali kamar mai ciwon ƙafa, mace na rera waƙa kamar an yi mata rasuwa, ka ce gwanintarsu ɗinka tsohon kiɗa cikin sabo, duniya duk ta ɗauka. To, ina ruwanmu? Sai ga ka da rikoda, kana lallashin babanka ya kaɗa maka taken marigayi Haruna, Sarkin Noman Kucheri. Ka san ran jana'iza babanka ya yi wa Kulu, matar marigayin, rantsuwa cewa kunne ba zai ƙara jin taken nan ba. Ka ce ajiya za ka yi saboda jikoki. Ni na haife ka, kuma ban ga ka haɗa ido da babanka ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ka maido kaset ɗin.

Mahaifiyarka, Dije

Tsafe, 20 ga Mayu, 1998

Zuwa ga Bashiru,

Ina gaishe ka, ya aiki? Mu dai da sauƙi.

Shiru ka yi mini, to ga amsar ta zo da ƙafarta. Kulu ta shiga mota daga Bunguɗu, direba ya sa kaset. Sai ta ji taken mijinta, an rage masa gudu, wata yarinya na nishi a kansa. Direban ya ce ai duk tashoshi shi ake yayi. A hanya ta sauka, innalillahi, tsohuwa da kaya a ka!

Ta iso gidan nan, ta ce babanka ya sayar da mamaci. Manoman Kucheri sun ce bana ba shi zai yi musu kiɗan gayya ba. Na buɗe baki zan kira sunanka, babanka ya harare ni. Ya durƙusa gaban Kulu, ya ce shi ya kai kaset ɗin Gusau da hannunsa.

Wallahi ina jin kunyar abin da ka yi, kuma ina kewarka. Babanka bai san na rubuto ba. Jiya ma ya tambaye ni ko kana samun abinci.

Mahaifiyarka, Dije