Kukana Kan Na'urar Intanet Da Ta Ƙi Jituwa Da Sabata

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ke shigo da 'yar na'urar nan mai kama intanet ba tare da waya ba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, sunana Sabi'u, ina da shagon kwamfuta a Gwaram inda ɗalibai ke rajistar jarrabawa. Na sayi babbar kwamfutar da ake kira saba don ta riƙe sauran ƙanana, na haɗa da na'urarku daga Kano don ta jawo mata intanet.

Na ɗaya, a jikin kwali kun ce da an soka ta shi ke nan. Na soka. Ta ƙifta shuɗiyar fitila sau biyu, ta yi lamo.

Na biyu, takardarku ta ce in sauko da manhajar da ake kira direba daga intanet. Ranka ya daɗe, ai intanet ɗin nake nema! Faifan da kuka saka kuwa, sabata ba ta da bakin cinsa.

Na uku, na yi kuskuren faɗa a gida cewa rashin direba ne ya tsayar da ni. Inna ba ta yi shawara da kowa ba ta aika garin Basirka. Kafin la'asar sai ga Kawu Ilu, wanda ya tsufa a jan bas, da lasisinsa a aljihu. Ya zagaya sabar sau biyu yana neman sitiyari. Har yau yana gaya wa dangi na kira shi aiki na wulaƙanta shi.

Na huɗu, saura kwana biyu a rufe rajista, iyaye sun fara zama a ƙofar shagona ba sa amsa gaisuwa. Na naɗe sabar da zanin matata, na rungume ta a kan acaɓa har Birnin Kudu. Can na samu direban, shi kuma ya ce bai san irin wannan kwamfuta ba.

Malama Rabi, mai koyar da kwamfuta a can Birnin Kudu, ita ta cece ni. Ta ce manhajar saba da sashen wayales, wato mai kama intanet ba waya, a kashe take zuwa, sai an kunna da hannu. Ta danna wuri uku, ta kashe ta kunna, fitila ta kama. Na so in yi kuka, sai na tuna a gaban ɗalibanta nake. Yara sun yi rajista da ƙyar, a ranar ƙarshe.

Roƙona biyu ne. Ku rubuta wannan bayani a kwali, layi ɗaya ya isa, da Hausa in da hali. Sannan ku sa direban a cikin na'urar tun daga can.

Allah Ya ƙara wa kamfaninku kasuwa, Ya kuma sa duk wanda ya rubuta takardar bayanin na'urarku ya gwada bin ta da kansa, a ƙauyen Zandam, ranar da babu sabis.

Wassalam, naka mai haƙuri,
Sabi'u, Gwaram.